Kafin Ka Bari a Fesa wa Cikin Motarka Fenti

Tambayoyin wannan makon kusan duk wuri guda suka dosa, wato canza launin cikin mota. Na zaɓi biyar. Ta farkon ce za ta ci mana lokaci.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Corolla 2006 'yar kwatano, cikinta ruwan madara. Yarana huɗu, cikin wata shida bangon ƙofofi da wajen giya sun koma kamar tsumman kicin. Ina so in mayar da cikin baƙi gaba ɗaya. Wani mai fenti a unguwarmu ya ce in kawo da safe in ɗauka da yamma. In ba shi? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba shi. Ban san mutumin ba, amma "kawo da safe ka ɗauka da yamma" ɗin nan ita ta tona masa asiri. Aikin da ake gamawa a yini ɗaya shi ne a rufe gilasai da tsohuwar jarida, a feshe komai da fentin gwangwani yana maƙale a jikin motar. A ranar za ta yi maka kyau har ka ɗauki hoto. Bayan 'yan makonni, inda gwiwar hannunka ke zama a ƙofa zai fara ɓarewa, ruwan madarar ya leƙo ta ƙarƙashin baƙin, cikin motar ya koma dabbare-dabbare kamar akuya.

Dalili kuwa, yawancin robar cikin mota ba fenti aka yi mata a kamfani ba. Launin a cikin robar yake tun lokacin da aka narka ta, shi ya sa ko ta karce launin ɗaya ne har ciki. Fenti kuma fata ce kawai a sama. Sannan robar ba iri ɗaya ba ce. In an kwance bangon ƙofa, juya bayansa, za ka ga an buga wasu haruffa a jiki, galibi PP ko ABS. ABS ba ta gardama da fenti, sai dai tina mai ƙarfi, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, tana cinye ta. PP ce mai taurin kai, kuma ita ta fi yawa a ƙasan ƙofa da ginshiƙan gefe. Halinta irin na ganyen gwaza ne, ko ruwa ba ya zama a kanta. Sai an fara fesa mata wani ruwa marar launi da ke sa fenti ya kama, wanda masu kayan fenti ke kira firaimar roba. Akwai kuma ta uku, ledar nan mai laushi da ke saman dashbod da wajen ɗora hannu. Ita tana lotsawa in an danna ta, don haka fentin jikin mota tsagewa yake yi a kanta. Tana da nata fenti mai bin jiki, irin su SEM Color Coat da Dupli-Color na leda da yadi. Ka tambayi mai fentin naka wace roba ce a ƙofarka. In ya ce "ai duk roba roba ce," ka yi masa sallama.

Da ni ne kai, wanki zan fara. Ruwan ɗumi, sabulun wanke-wanke da burushi mai laushi, a bi cikin ƙananan ramukan robar inda daud'a ke maƙalewa. Da yawa daga masu neman canza launi, wanki na gaske motar ke nema.

In an wanke kuma har yanzu ranka na kan baƙin, to ka nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa kafin ka nufi mai fenti. Irin motarka ta cika gari, kuma an ƙera ta da ciki mai duhu. Za ka iya samun bangon ƙofofi huɗu, akwatin tsakiya da robobin ginshiƙai da aka kwance daga wata motar, launinsu na asali, wanda farce ba zai kankare ba. Ka tafi da naka guda ɗaya a gwada, domin ƙirar Amurka da ta Turai ba su cika dacewa ba, haka ƙofa mai gilashin lantarki da mai na wainawa. A motocin Toyota, takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko ginshiƙinta tana da layin da aka rubuta C/TR: lambar farko ta launin waje ce, ta biyun ta kayan ciki. Ɗauki hotonta ka riƙe. Wani lokacin ma mai shagon zai karɓi naka ya rage maka kuɗi.

Abin da ba a samu ba shi za a yi wa fenti, kuma a ƙasa, bayan an kwance shi. Babban abokin gabar aikin shi ne man ƙyallin da masu wankin mota ke shafawa, saboda silikon da ke cikinsa. Na taɓa tsayawa a kan wani mai fenti yana fesa murfin akwatin gaba na tsohuwar motata. Ya goge shi da tsumma sau ɗaya ya ce ya isa. Fesawar farko, sai ga fentin yana gudu yana barin 'yan ramuka zagayayyu birjik, kamar idon kifi. Man shekara da shekaru ne ya ƙi barin sa ya zauna. Sai da muka wanke da sabulu har sau uku, muka bi da sifirit, sannan ya kama. Bayan wankin a ɗan kashe santsin da soson gogewa mai laushi. Samfefa mai kaushi tana share zanen jikin robar, wurin ya yi sulɓi ya bambanta da sauran. Daga nan firaima, sai fenti siriri-siriri sau uku ko huɗu, gwangwanin na nesa da kamar taƙi guda, ana barin mintuna tsakani. Fesawa ɗaya mai kauri tana cike zanen, abin ya fito kamar bokitin roba.

Ka kuma duba lokaci. Cikin hunturu ƙura na sauka kan ɗanyen fenti ya yi yashi-yashi, ranar da aka tashi da laima a damina kuma yakan yi fari-fari. A yi a rumfa mai kariya amma iska na shiga, a yayyafa ruwa a ƙasa, mai fesawa ya rufe hancinsa. A fara da ƙaramin yanki guda, a bar shi kwana biyu, a manna masa salatif a fizge. In fenti ya biyo salatif, an huta da ɓata sauran.

Sai dai, Malam, baƙi gaba ɗaya a Kano cikin watan Afrilu? Yaran da kake gudun dattinsu su ne za su fara kuka in cinyarsu ta taɓa kujera. Ka duhunta ƙasa, inda takalma da hannaye ke kaiwa, ka bar silin da saman ginshiƙai da haskensu.

Tambaya: Yaya, Honda Accord gare ni. Robar da ta zagaye giya da rediyo mai zanen katako ce, ta tsufa a ido. Ja nake so, ko mai zanen kabon. Fenti ko sitika? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Sitika, ƙanena. Waɗannan yankunan sumul suke, sitika na kama su da kyau, kuma ran da jan ya gundure ka, ko ka tashi sayarwa, ɓarewa kawai za ka yi katakon ya dawo. Amma akwai sitika akwai sitika. Mai arahar da ake yin allon talla da ita tana tsukewa in ta sha zafi, bakinta ya ja baya ya bar gam yana kama ƙura. Nemi wadda aka yi don mota, irin 3M 2080 ko ta Avery Dennison. Abin da kake buƙata kaɗan ne, sau da yawa ragowar da ta rage wa masu naɗe motoci ta ishe ka.

A ciro yankin da abin ɓanɓara na roba, kada a sa sukundireba ya ci maka gefen dashbod. A naɗe, a lanƙwasa bakin sitikar zuwa baya kamar santimita ɗaya, sannan a bi lunguna da na'urar hura zafi har zafin ya kai wajen digiri 90, don ta manta da miƙewarta ta farko. Wanda ya tsallake wannan, rana ce za ta ɗago masa ita. Maɓallan da ke haske da dare kuma a ƙyale su, ta cikin zanen nasu fitilar ke fitowa.

Ra'ayina, ko da ba ka tambaya ba: ka guji baƙi mai sheƙi kamar madubi. Kowane yatsa sai ya bar shaida, tsumma ma karce shi yake yi. Jan kuma kada ya wuce wuri biyu ko uku.

Tambaya: Dashbod ɗin motata ya fara danƙo, yana ƙyalli kamar an zuba mai, in na taɓa sai ya biyo yatsa. An ce in sa a yi masa baƙin fenti ya rufe. Daga wata Hajiya a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, fenti ba zai yi maganin wannan ba. Ledar ce da kanta take narkewa saboda zafi da daɗewa, kuma duk abin da aka ɗora a kan abin da ke narkewa tare za su tafi. Sananniyar matsala ce a wasu motocin shekarun nan. Kamfanin Toyota da kansa, a ƙarshen 2014, ya fito da shirin canza irin wannan dashbod ga masu wasu motocinsa a Amurka, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2011.

Mafita ta gaskiya ita ce a canza shi da wani mai lafiya, ki sa a danna shi a shafa a rana kafin a biya. In kuɗin bai kama ba yanzu, shimfiɗar dashbod mai duhu da aka yanka daidai da motar za ta kashe ƙyallin da ke dukan ido.

Inda nake so ki tsaya da ƙafarki shi ne gaban kujerar mai zaman banza. A ƙarƙashin wurin akwai jakar iskar da ke fitowa lokacin haɗari, wato iyabag, kuma an raunana ledar daga ciki ta yadda za ta yage nan take. Masu ɗinkin kujeru za su ce su naɗe miki dashbod ɗin duka da fata, da zare mai kyau a gefe. Yana da kyan gani, amma fata mai kauri da gam a kan wannan wurin na iya hana jakar fitowa yadda aka tsara. Duk inda kika ga an rubuta SRS ko AIRBAG, a tsakiyar sitiyari, a gefen kujera ko a ginshiƙi, kada a naɗe, kada a liƙe. Wajen kwance dashbod kuma a cire kan batir a jira aƙalla minti uku kafin a taɓa soket masu launin rawaya, kuma kada a kunna mota suna cire, in ba haka ba fitilar iyabag za ta kama ta zauna.

Tambaya: Zafin garinmu ya isa. In na mayar da saman dashbod fari, ba zai rage ba? Daga wani direba a Maiduguri.

Amsa: Zai ɗan rage, amma garin neman gira za a rasa ido. Gobe da tsakar rana ɗora farar takarda a kan dashbod ka zauna a mazauninka. Za ka gan ta ƙuru-ƙuru a cikin gilashin gaba, ta rufe maka wani yanki na titi. Farin dashbod haka zai yi maka daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa ko motar da cikinta fari ne tas, samansa mai duhu ne marar ƙyalli. Sayi abin tare rana mai ruwan azurfa ka riƙa sawa in ka yi fakin, ka nemi inuwa.

Tambaya: Na riga na mayar da cikin motata baƙi, saura bel ɗin kujera da ya rage ruwan ƙasa. A rina shi? Kuma sai na canza takardu? Daga wani Alhaji a Zariya.

Amsa: Takardu dai launin waje suke ɗauka, Alhaji, na ciki ba ruwansu. Bel kuwa kada a kai shi wajen marina. Zarensa ba ya shan rini sai da tafasa da sinadari, kuma ba ka da hanyar sanin ƙarfin da ya rage masa bayan nan. Ga shi rinin da bai kama ba a kan farar shaddarka zai sauka ranar Juma'a, daga kafaɗa zuwa ƙugu. In launin ya dame ka, a nemo baƙin bel na irin motarka da dukan na'urarsa, wanda ba daga motar da ta yi haɗari aka ciro ba. A zaro shi har ƙarshe a duba ko ya tsattsage, a fizge shi da ƙarfi a ga ya cije, sannan a ɗaura.