Kaset ɗin da na rubuta wa "wa'azi"

Ɗana, gaisuwa mai yawa. Ya mutanen gida, ya aikin kaka? Mu nan Gadarif sai godiya, an fara yankan riɗi, garin kuma ya ɗan sarara tun da baƙin da yaƙi ya koro mana daga Madani suka fara komawa.

Tambayarka ta ba ni dariya har mai ɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya. Ka ce, "Baffa, ku da aka haifa a Sudan kun san Shata kuwa, ko sai kiɗan Larabawa? Kuma wace waƙa kake ji in ba kowa?" Ta farkon mai sauƙi ce. Ta biyun kuwa ba tambayar da ɗa ke yi wa baffansa ba ce, amma tun da ba ka ganin idona, zan faɗa maka.

Sai ka fara sanin irin gidajen da muka tashi. Kakana, ƙanen kakan mahaifinka, ba neman kuɗi ya fitar da shi daga ƙasar Kano ba. Da ƙafa ya kama hanyar Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira da Turawan Ingila suka buɗe a 1925. Shekara ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama aure da 'ya'ya. Wasu sun riga shi, irin mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa gari a bakin kogin Nil Azrak kusa da Sinnar. Ka ga ke nan yawancinmu jikokin alhazai ne da muhajirai da almajirai. Makaɗi bai cika bin wannan hanya ba, kuma a unguwarmu babu fadar da za ta ciyar da mai kotso ko mai taushi. Abin da gidanmu ya yarda a ɗaga murya a kansa shi ne karatun allo, da Ishiriniya a watan Maulidi, da madihu, begen Annabi da ake yi nan da tar, ɗan'uwan bandirinku. Wannan ko a gaban liman ka kunna babu mai ɗaga kai.

Sauran waƙa kuwa, kunya biyu muka tashi da ita, kuma ita ce ku na gida ba ku cika ganewa ba. In ka kunna ta soyayya da Larabci, tsofaffi su ce yaro ya lalace, ya zama ɗan hafla, wato ɗan gidan casu. In ka kunna ta Hausa a waje, yaran wata unguwa su kwaikwayi kalangu da baki, su ce Fallata sun fara. Fallata, sunan da ake kiran irinmu masu asali daga yamma, ba zagi ba ne a asali, amma akwai yadda ake jan kalmar a baki ta koma zagi. Takari ma haka. Don haka saurayi irina a shekarun 1980 maɓoya biyu gare shi: Muhammad Wardi, babban mawaƙin Sudan, a ɓoye wa baba, Shata a ɓoye wa abokan makaranta.

Shata kam mun san shi sarai. Alhazai ke zuwa da kaset daga Jidda da Makka, a yi ta kwafa ana kwafa har muryar ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Akwai wani mai agashe a kasuwarmu (tsire ke nan, kalmar ma taku ce, "a gashe", kuma duk Sudan da ita aka san shi) da yake da babbar rikoda, mu musajjal muke cewa. Bayan isha'i dattawa su kewaye shi, kai ka ce nama suka zo saye. Mutanen da Shata ke wasawa ba mu san su ba, ko attajiri ne ko direba ko hakimi, oho. Sunayen garuruwa muke bi. Da ya ambaci wani gari sai ka ji tsoho ya ce nan ne garin uwata, alhali bai taɓa taka shi ba. Da labarin rasuwarsa ya iso a 1999, ƙasa-ƙasa aka riƙa yi wa juna gaisuwa a bakin masallaci, don kada liman ya tambayi wa ya rasu. Ɗan Maraya ya fi shiga ran matasa. Kuntigi ɗaya ne da murya ɗaya, Hausarsa kuma a fili, ko wanda Larabci ya cinye rabin harshensa yana kamawa.

Kada kuma ka ɗauka kiɗan Sudan baƙo ne a kunnen Bahaushe. Ba irin na Masar ba ne. A kan muryoyi biyar aka gina shi, sullam khumasi ake ce masa, kuma da yawa cikin waƙoƙinmu na gargajiya haka suke tafiya, shi ya sa yake zama a kunne ko ba ka jin abin da ake faɗa. Tambayi mahaifinka. Da muka haɗu a Makka, shi da bakinsa ya ce min suna samari sun taka Mambo Sudani ta Sayyid Khalifa a Kano. Sannan macen da ta fara waƙa a Rediyon Omdurman, a farkon shekarun 1940, tamu ce: A'isha al-Fallatiyya. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito a kan hanyar hajji, ubanta malami ne mai makarantar allo, kuma bai so mata wannan sana'a ba ko kaɗan. Ta yi da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Habbobata, kakata ta wajen uwa ke nan, in aka sa ta a rediyo sai ta ce, "Allah ya shiryi 'yar malam." Amma ba ta taɓa cewa a kashe ba, kuma in ka duba ƙarƙashin lafayarta, ƙafa na motsi.

To, ga abin da ka tambaya. Ba Wardi ba ne. Wardi yanzu ko malamai suna ambatonsa, tun da ya sha ɗauri da zaman gudun hijira a kan siyasa, ya rasu a 2012 da girmansa. Abin da nake ji in ba kowa, waƙar mata ce. Nan ana ce musu agani al-banat, waƙoƙin 'yan mata, kuma da dalluka ake yin su, wata 'yar gangar yumɓu da sai an gasa fatarta a bakin garwashi take yin zaƙi. Daren lalle da ranar rawar amarya ne lokacinsu, maza suna waje. Babu balagar nan da mawaƙan Hakiba, tsohon salon waƙar Sudan, ke taƙama da ita. Magana ce tsirara: saurayi ya tafi Saudiyya bai aiko ko turare ba, uwar miji ta cika sa ido, mai mota ake so ba mai jaki ba. 'Yan boko suna ce musu habiɗa, wato faɗaɗɗun waƙoƙi. Ni dai tun ina yaro nake jin su ta bayan zana, kuma na fi sanin abin da ke damun matan unguwarmu daga nan fiye da daga bakin kowane dattijo.

Ana nan sai wata gwaggo ta dawo daga hajji da kaset ɗin Barmani Coge, ta ba mai ɗakina. Na shigo daga makaranta, na ji kiɗan ƙwarya na tashi daga madafa, na tsaya cak a zaure. Ashe dalluka tana da 'yar'uwa a Funtuwa! Habaicin kishiya iri ɗaya, gorin macen da ba ta da sana'a iri ɗaya, har guɗar. Sai dai wannan da harshen da uwata ke yi min faɗa da shi ne, shi ya sa ya fi shiga jiki. Na kwafi kaset ɗin a ɓoye, na rubuta "wa'azi" a bayansa da Larabci, na cusa shi cikin na karatu. Kusan shekara huɗu asirina a rufe.

Wata rana surukina, mahaifin mai ɗakina, yana jinyar ƙafa a kan angarib, gadon igiya na nan, ya aiko a ba shi abin saurare. Ba na gida. Yaro ya duba, ya ga "wa'azi", ya kai masa. Sai bayan kwana uku kaset ya dawo, kwana uku fa, tare da saƙo ta bakin 'yarsa: a gaya wa malam wa'azin ya yi zafi, amma akwai gaskiya a ciki. Wata guda ina zagayawa ta bayan layi don kada mu haɗu. Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tayar da zancen ba.

Yaranmu na yanzu ba su san wannan ɓoye-ɓoye ba. Finafinan Kano sun shigo, da farko a faifai, daga baya a waya. A bikin 'yata da rana waƙoƙinku na fiyano aka sa, 'yan matan maƙwabta da ba su jin ko "sannu" suna ta rawa, da dare kuma aka gasa dalluka. Ni na fiyanon nan ba su kama ni ba, kada ka ji haushi, muryoyin duk kamar ta cikin kwalba aka matso su. Amma na lura da wani abu. Tun rikicin jihar Nil Azrak na 2022, da aka yi asarar rayuka masu yawa, wasu kuma suka riƙa cewa mu baƙi ne, samarinmu masu tuƙa raksha, keken nan mai ƙafa uku, sun daina rage sauti in sun sa waƙar Hausa. Da gangan ma suke ƙarawa in sun zo tsakiyar kasuwa. Ni da na yi ƙuruciyata ina rufe musajjal da bargo, wani lokaci sai in tsaya in bi su da kallo har su sha kwana.

Kaset ɗin nan ya daɗe da tsinkewa, musajjal ɗin ma ya mutu, ita kanta Barmani ta rasu tun 2013, Allah ya gafarta mata. In kana da waƙoƙinta a waya ka turo min, tsofaffin, masu ƙwarya zalla. Amma ta lambata kai tsaye, kada ka sa a zauren dangi, mijin 'yata yana ciki. Ka gaida mahaifinka, ka ce ina jira in ji ko zai musa zancen Mambo.