Batir na mutuwa a motar haɗin hannu mai injin babur: abin da za a gwada kafin a sayi sabo

Tambaya: Na haɗa ƙaramar mota mai kujera biyu da hannuna, irin wadda ake sayen sassanta a haɗa a gida, kuma na ɗora mata injin babur ƙirar Honda Fireblade. Batir biyu ke nan na saya cikin shekara guda. Idan na cika shi da caji motar tana tashi lafiya, amma bayan tafiyar awa ɗaya da fitilu a kunne sai ta ƙi tashi. Shin in sayi batir mafi girma, ko rektifaya zan canza?

Amsa: Malam, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Batir biyu ba sa mutuwa a jere haka siddan, kuma na uku ma hanyarsu zai bi muddin ba a gano abin da ke kashe su ba. Abin da ya kamata ka fara mallaka shi ne mitar gwajin lantarki, domin da ita za ka raba laifin tsakanin batir da kwayil da rektifaya da wayoyi.

Yana da kyau ka san cewa tsarin cajin babur ya bambanta da na mota. A yawancin waɗannan injuna maganaɗisu ne ke juyawa a kewayen kwayil mai reshe uku, kwayil ɗin ya tura wuta mai kai da kawo ta wayoyi uku, waɗanda a injin Honda rawaya ne, zuwa rektifaya, ita kuma ta miƙar da wutar ta daidaita ƙarfinta kafin ta isa batir. Babu fitilar gargaɗi a yawancin babura, saboda haka caji na iya tsayawa ba tare da ka sani ba sai ranar da sitata ta yi shiru.

Ka cika batir, ka bar shi ya kwana, sannan ka auna. Lafiyayyen batir na dalma yana nuna kimanin bolt 12.6. Daga nan ka tayar da injin, ka taka totur zuwa juyi 5,000 a minti, wanda shi ne ma'aunin da littattafan gyaran babura suka fi amfani da shi. Ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ta tsaya a 12 da 'yan kai, caji ba ya isa. Idan ta haura 15, rektifaya tana dafa batir ne, kuma sau da yawa za ka ji wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai.

Idan caji ne ba ya isa, sai ka kashe injin, ka zare soket ɗin wayoyin nan uku, ka dube shi da kyau kafin ka ɗora mita. Na sha ganin wanda robarsa ta yi ruwan ƙasa ta narke a gefe guda, ƙarafan cikinsa sun yi baƙi sun saki, har mutum ya ja waya da yatsu biyu ta biyo shi. Soket irin wannan kaɗai ya isa ya hana caji alhali kwayil da rektifaya lafiyarsu ƙalau. In soket ɗin garau yake, ka auna turjiyar kwayil tsakanin kowace waya biyu: awo ukun su zo kusan daidai da juna, kowanne ƙasa da om ɗaya, kuma kada wata waya ta nuna haɗuwa da jikin injin. Bayan haka ka mayar da mita kan awon wuta mai kai da kawo, ka tayar da injin da soket ɗin a zare, ka sake auna wayoyin bibbiyu a juyi 5,000. Yawancin injuna suna ba da sama da bolt 50, amma daidaituwar awo ukun ta fi adadin muhimmanci, domin reshe ɗaya da ya yi ƙasa sosai alama ce ta ƙonewar kwayil. Sai kwayil ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje ne zargi yake komawa kan rektifaya.

Akwai kuma laifuffukan da ɗauke injin daga babur zuwa mota ne ke haifar da su, kuma a ganina nan matsalarka ta fi kama da kasancewa. Rektifayar babur tana mayar da rarar wuta zafi ne, kuma a kan babur iska ce ke sanyaya ta, amma a mota sai a tarar an ɗaure ta a ƙarƙashin bonet kusa da salansa, inda babu iskar da ke wucewa. Sannan fentin da ake shafe firam da shi ba ya barin wuta ta ratsa, don haka wayar negatif da aka ɗaure a kan fenti kamar ba a ɗaure ta ba ce. Ka kankare wurin har ƙarfe ya fito, ka ja waya mai kauri daga jikin injin kai tsaye zuwa negatif ɗin batir. Haka nan idan ka sanya makunnin yanke batir gaba ɗaya, kada ka riƙa kashe injin da shi, domin cire batir yayin da injin ke aiki yana iya ƙone rektifaya nan take.

Abu na ƙarshe lissafi ne. Kwayil ɗin irin wannan injin yana bayar da kimanin wat ɗari uku zuwa ɗari huɗu da 'yan kai ne kawai, kuma sai injin ya ɗauki juyi yake bayar da su. Manyan fitilu biyu masu wat 55 sun cinye 110 ke nan, kafin a zo ga fankar lagireto da famfon mai da fitilun baya da abin share gilashi. A cunkoson hanya, injin yana silo fanka tana ta aiki, batir ne ke biyan giɓin. Babban batir jinkirta mutuwar kawai zai yi. Rage kaya, misali mayar da ƙananan fitilu zuwa LED, ya fi shi amfani.

Tambaya: Gwaji ya nuna rektifayata ce ta ƙone. Wace iri zan saya?

Amsa: Ka nemi mai aiki da MOSFET, wato wani nau'in tiransisto mai buɗe wuta da rufe ta, kamar FH020AA ta kamfanin Shindengen, domin ba ta ɗaukar zafi kamar tsofaffin. Akwai kuma irin SH847 ta kamfanin, wadda ke yanke wutar kwayil idan batir ya ƙoshi maimakon ƙone rarar, abin da ke sauƙaƙa wa kwayil ɗin kansa. Jabun waɗannan suna da yawa a intanet, kamanninsu ɗaya da na asali, saboda haka ka saya a hannun dillalin da zai karɓa idan ta ba da matsala. Ka ɗaure ta a kan farantin alminiyam inda iska ke bugawa, ka ja wayoyinta biyu na fita kai tsaye zuwa batir, da fis mai amfiya 30 a kan ta fozitif kusa da batir ɗin.

Tambaya: Batirin litiyam ba shi da nauyi. Zan iya sanya shi?

Amsa: Za ka iya, da sharaɗin cajinka ba ya wuce bolt 14.6, domin wannan batir ba ya jure rarar caji kamar na dalma. Yana hutawa a kan kimanin 13.2, don haka idan ka ga 12.6 a jikinsa ya kusa ƙarewa ne, ba cika ya yi ba. Kafin ka saya, ka sanya ƙaramar mitar bolt a gaban direba, ka yi mako biyu kana lura da abin da take nunawa a kan hanya.