Gano motsi a bidiyon kyamarar tsaro ba tare da nauyi ba

Malam, ka ce kyamarori huɗu na shagonka a Kasuwar Barci suna sa kwamfutarka ta yi zafi idan kana neman motsi a hotunan. Maganin yana cikin bidiyon kansa.

H.264, wato tsarin matse bidiyo, yana yanka kowane firem (hoto guda cikin jerin hotunan bidiyo) gida-gida, digo 16 sau 16; digo shi ne ƙwayar hoto mafi ƙanƙanta, wato pixel. A firem na P da B, waɗanda ake ginawa daga wasu firem, yana rubuta inda gidajen suka koma daga firem ɗin da ya gabata, a na B kuma har da na gaba. Waɗannan kibiyoyin motsi su za ka karanta, ba sai ka kwatanta digo da digo ba. FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, yana fitar da su da zaɓin +export_mvs, matatarsa ta codecview kuma ta zana maka su a kan hoton.

Ka zubar da duk kibiyar da ba ta kai digo 2 ba, ka haɗa gidajen da ke maƙwabtaka kuma suka nufi gefe ɗaya su zama curi guda, shi ne mutum ko babur ɗinka. A firem na gaba, curin da ya fi hawa kan na baya shi ne dai abin.

Inda ake tuntuɓe: firem na I, wato cikakken hoto da bai dogara da wani firem ba, ba shi da kibiya ko ɗaya, don haka ka riƙe matsayin ƙarshe har ya wuce. Da daddare da lokacin hazon hunturu, farin bango ma yakan fitar da kibiyoyin ƙarya. Kada ka yarda da curi sai ya dawwama firem 3 a jere. In iska na kaɗa kyamarar, ɗaure ta da kyau tukuna.