Amsar maganar gimbal ɗin da aka tambaya jiya a guruf

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da warhaka, ya aiki ya fama da jama'a. Murya zan yi don abin da yawa, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya saurara daga baya.

Ƙanina da ya yi tambaya jiya da daddare, na ga saƙonka. Ka ce kana da kyamara Sony A7 III da lens Tamron 28-75 kana ɗaukar biki da su, yanzu kuma an kira ka aikin siris da za a ɗauka da kyamara Blackmagic 6K Pro, kana son gimbal, wato mariƙin nan mai moto da ke hana kyamara girgiza, guda ɗaya da zai ɗauke maka duka biyun, shin RS 3 Mini ko RS 3 na kamfanin DJI, ko kuwa ka sayi irin mai riga da hannun nan da ake tallarsa da arha. To ni dai a ganina ka sayi na bikinka kawai, na siris ɗin kuma furodusa ya yi haya ranar da ake buƙata. Bari in faɗa maka dalili.

Kafin komai ka nemi sikeli, ko na masu cika gas ne ka roƙe su, ka ɗora kyamarar yadda za ka fita da ita aiki, da batir da kati da filta da makirfon in kana sawa, ka ga abin da zai nuna. A7 III wajen giram 650 ce, Tamron ɗin nan wajen 550, ka ga kilo ɗaya da ɗan ɗoriya kenan. RS 3 Mini an rubuta yana ɗaukar kilo 2, RS 3 kilo 3, duk wanda ka ɗauka zai yi maka biki lafiya lau. Mini ɗin ma ya fi sauƙi a hannu, shi kansa bai kai kilo ɗaya ba, kuma yana juyawa a tsaye ba tare da ka sayi wani ƙarfe ba, ga amaren yanzu duk abin da za su sa a TikTok da Instagram suke nema. Inda ya gaza shi ne batirinsa a jiki yake ba a cirewa, in ya mutu a tsakiyar dina sai dai ka maƙala masa fawa banki, shi kuwa RS 3 mariƙin ne batirin, ka cire ka sa wani. In kana da niyyar ƙaro lens mai nauyi nan gaba, irin Sigma 24-70 da ya haura giram 800, to ka daure ka sayi RS 3 ɗin ka huta.

Yanzu zo kan Blackmagic. Jikinta kaɗai ya fi kilo 1.2, in aka sa mata Sigma 18-35 wanda kusan kowa shi yake sa mata, giram 810 ne, ka wuce kilo 2 kenan tun ba ka taɓa komai ba, Mini ya fita daga maganar. Sai keji, wato ƙarfen da ake zagaye ta da shi, sai SSD na ajiye bidiyon, sai batir na waje don ƙananan na cikinta ba sa jimawa, sai moton fokas tunda ita ba ta bin fuskar mutum da kanta kamar Sony, dole wani ya ja maka fokas, in wani zai ja kuwa sai an ɗora abin tura hoto zuwa monitarsa. Kafin ka ankara kana bakin kilo 3. Kuma wannan lambar da suke rubutawa a kwali iyakar ƙarfinsa ce, ba wai nan ake so ka zauna kullum ba, in ka cika masa kaya har wuya, da ka juya da sauri ko iska ta buso za ka ji moto yana gurnani hoton ya fara ɓari. Ga kuma faɗinta, kyamarar nan faffaɗa ce, tana dukan moton gefe, sai an sa mata farantin da zai matsar da ita kafin ma ta zauna. Wannan aikin na RS 2 ne ko RS 3 Pro ko RS 4 Pro, su ne masu kilo 4.5. Kuɗinsu kuma ba wasa ba, balle yadda dala take yi.

Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah, a siris ɗin nan sin nawa ne ke buƙatar gimbal? Yawanci mutum biyu ne ko uku a falo suna magana, Hajiya a kujera yarinya a ƙasa, wannan aikin tiraifod ne, mai ƙafa ukun nan da ake kafa kyamara a kai, mai kai mai kyau. Abin da yake ba ni haushi yanzu, yaro ya sayi gimbal sai ya zama komai da shi zai ɗauka, ana maganar mutuwa kyamara tana ta shawagi tana kewaya mutane, mai kallo ya rasa fuskar wa zai kalla, edita kuma ya rasa inda zai yanka don babu shot biyu da suka haɗu. Motsin kyamara sai da dalili, jarumi ya tashi ya fita ka bi shi, an shigo gida kana so a ga tsakar gidan, shi kenan. Ka zauna da darakta ku ware waɗannan sina-sinan a tara su kwana ɗaya ko biyu, a je wajen masu ba da haya, a nan Kano ai ka san Zoo Road, a ɗauko babba a yi a mayar. Kada ka ci bashi saboda aikin wani, a gama siris ɗin a bar ka da kayan da ya fi ƙarfin bikin da kake yi.

Maganar mai riga kuma. Asalinsa Steadicam ne, wani Ba'amurke Garrett Brown ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970, babu moto a jikinsa ko ɗaya, nauyi ne da sifirin kawai, riga kamar falmaran tana mayar da nauyin kan ƙugunka, hannu mai sifirin yana shanye hawa da saukar takunka, sai sandar da kyamara ke sama monita da batir na ƙasa. Har gobe manyan finafinai da shi ake yi, kuma yana yin abin da gimbal mai moto ba ya yi, don shi gimbal ɗinmu kusurwa uku kawai yake gyarawa, waiwaye hagu da dama, ɗaga kai da sunkuyawa, da karkata gefe. Wannan tsallen sama da ƙasa da hoto yake yi in kana tafiya babu ruwansa da shi, shi ya sa DJI da suka fito da Ronin 4D a 2021 suka ƙara masa hannu na huɗu don wannan matsalar kaɗai. Amma fa Steadicam sana'a ce mai zaman kanta, a waje mutum guda ake ɗauka aikinsa kenan ba ya komai sai shi. Saitinsa ma kaɗai, sai ka kwantar da sandar ka sake ta ka ƙirga, ta ɗauki kamar sakan biyu zuwa uku kafin ta miƙe, in ta faɗo da sauri ƙasan ya yi nauyi hoton zai riƙa lilo duk sanda ka tsaya, in ta ƙi saukowa kuma ba za ka iya riƙe ta a miƙe ba. Masu arhar nan sifirin ɗinsu ne matsalar, ko ya yi tauri ko ya riƙa ƙara yana shiga sauti, ga zafin watan Afrilu ka sa wannan rigar ka shiga taron kamu, wallahi kafin la'asar ka jiƙe sharkaf. Ban ba ka shawara ba. In bayanka ne ke ciwo da babbar kyamara, Easyrig ake nema, na mutanen Suwidin ɗin nan mai sanda ta bayan kai da igiya, shi ma ka sani nauyi yake ɗauke maka, ba ya hana girgiza.

Duk wanda ka saya dai, balansin shi ne rabin aikin, kuma gimbal a kashe ake yi. Ka cire murfin lens, ka buɗe allon yadda za ka yi aiki da shi, ka sa zum ɗin a tsakiya tunda 28-75 yana fitowa in ka ja shi nauyin ya koma gaba. Kowane moto da makullinsa, ka buɗe makullin gaba kaɗai, ka kalli da lens sama ka gyara har ya tsaya, ka dawo da shi gaba ka matsa faranti har ya daina rinjaya, sannan na gefe, sannan na ƙasa wanda sai ka ɗan karkata mariƙin za ka gane ko yana zamewa. Alamar ka yi daidai, duk inda ka ajiye kyamarar ka saki hannu za ta tsaya a nan. Sai ka kunna ka yi masa oto tun, wato ya daidaita ƙarfin motocinsa da nauyin da kansa. Ka yi aiki kamar minti ashirin ka taɓa motocin da bayan yatsa, wanda ka ji ya fi sauran zafi to nan ne saitin bai zauna ba. In ka samu daidai ka sa ɗan farin tef ka yi alama a jikin ƙarfen, gobe ba sai ka fara daga farko ba ana jiranka.

Sai tafiya. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, dunduniya ta fara sauka sannan yatsu, gajeren taku, gwiwar hannu kusa da jiki, kamar ka ɗauko kwanon miya cike fal za ka ratsa taro. Shigowar amarya wajen dina nan ake gane wanda ya iya, kana tafiya da baya, ƙawaye sun cika hanya, masu liƙi suna kutsowa, wayar DJ a ƙasa, to lallai ka sa yaronka ya riƙe maka bel ta baya yana ja da kai yana buɗe hanya, kai idonka na kan allo. Ka tsaya a 28 ko 35, kar ka ja zuwa 75 kana tafiya, dogon lens yana tona duk wani ɗan motsi. In za ka yi silo, wato hoto mai tafiya a hankali, ka ɗauka a firem 50 a sakan, shata 1/100, in na daidai ne 25 da 1/50, saboda wutar lantarkinmu sau 50 take kaɗawa a sakan, wanda ya bar kyamararsa a 30 ko 60 shi ne yake ganin fitilun hol suna kyaftawa a hoto.

Wani a guruf ya ce ya ga gimbal na hannu, wanda aka taɓa aiki da shi, ana sayarwa. Ba laifi, amma ka je da kyamararka ka ɗora a gabansa, ka duba makullan ko suna riƙewa, ka juya kowane moto da hannu a kashe ka ji ko akwai ƙurus ƙurus na ƙura a ciki, don hunturunmu yana cin su, ka kuma duba batirin ko ya kumbura. Batir ɗin nan kar a bar shi a but ɗin mota da rana, in kuma za a daɗe ba a yi aiki ba a ajiye shi da rabin caji.

Ƙanina ka auna kayan naka ka turo min hoton sikelin ta firaibet, ka kuma tambayo min wane lens za su sa wa Blackmagic ɗin da ko akwai mai jan fokas, sai in faɗa maka abin da za ka ce wa furodusan ya ɗauko. Sai anjima, an kira sallah.