Tambaya da Amsa: Zane mai duwatsun ado ya fara zuba

Tambaya: Ina da wani zane a falo, fenti ne ja da ruwan ɗorawa da shuɗi a kan katako, an zagaye kowace siffa da ƙananan duwatsun ado. Ina ƙaunarsa ƙwarai, amma duwatsun sun fara faɗuwa, launin ma ya dushe. Me zan yi? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, kin yi dace da abu mai kyau. Wannan salo Jimoh Buraimoh ne ya fito da shi, mutumin Osogbo da aka haifa a 1943, wanda ya ɗauko dabarar daga kambun sarakunan Yarbawa. Kyansa yana cikin haɗuwar abu biyu: fenti yana kwance lumui, duwatsun kuma sun taso suna kama haske. Ki tsaya daga gefe da hantsi, za ki ga layin duwatsun yana ƙyalli kamar aikin zare a wuyan babbar riga.

Zubar duwatsun aikin yanayi ne. Da damina katako yana shan danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, gam ɗin kuma ba ya jure wannan kai-komo, sai ya tsage. Ki tattara waɗanda suka faɗi. Ki kwantar da zanen a tebur, ki ɗiga farin gam na kafintoci da bakin tsinken sakace, ɗigo ɗaya tak, ki mayar da dutsen gurbinsa, ki bar shi awa 24. Kada ki kusanci gam mai kamawa nan take: yana barin farin tabo, kuma ba ya cirewa sai da fenti.

Dushewar kuwa, ki duba abu biyu. Idan rana na dukansa ta taga, launin da ya tafi ba ya dawowa, ja ne ma yakan fara tafiya. Amma sau da yawa hayaƙin turaren wuta ne da ƙura suka lulluɓe shi. Ki share da burushi mai laushi, busasshe, daga sama zuwa ƙasa. Jiƙaƙƙen tsumma yana narkar da gam.

Ki rataye shi a bangon da rana ba ta kaiwa, nesa da kasko, da tazarar santimita 2 tsakaninsa da bango don iska ta ratsa. In za a sa gilashi, kada ya taɓa duwatsun.