Matar Kaisar An Saurare Ta, Gori Aka Ji Tsoro

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Funtuwa, muna karanta wasan kwaikwayon Julius Caesar na Shakespeare. Ban ga amfanin Kalfurniya, matar Kaisar, a wasan ba. Sau biyu kacal ta fito, ta yi mafarki, ta yi magiya, ba wanda ya saurare ta. Da an cire ta, me za a rasa?

Amsa: 'Yata, wuri ɗaya kika kuskure. An saurare ta. Koma kashi na biyu, fitowa ta biyu, ki karanta a natse.

Kaisar ya fito da rigar barci, ana ta tsawa da walƙiya, ya ce sau uku matarsa ta yi ihu cikin barci wai ana kashe shi. Ta ga mutum-mutuminsa yana tsartuwar jini ta kafa ɗari, Rumawa suna wanke hannu a ciki suna murmushi. Dubi dabarar da ta yi. Ta san mijinta ba zai taɓa furta cewa yana tsoro ba, sai ta durƙusa ta ce a ɗora abin a kanta: a ce tsoronta ne ya zaunar da shi, ba nasa ba, a aiki amininsa Antoni majalisa ya ce Kaisar ba shi da lafiya. Kaisar kuwa ya amince zai zauna a gida. A wannan gaɓa maƙarƙashiyar kashe Kaisar da Kasiyus da abokansa suka ƙulla ta kusa wargajewa, kuma mace ɗaya ce ta kusa wargaza ta, ba da takobi ba.

Sai Desiyus ya yi sallama, shi kuma yana cikin masu ƙulla abin. Ya juya fassarar mafarkin, ya ce jinin nan alama ce Rum za ta rayu ta dalilin Kaisar. Ya ƙara da cewa yau majalisa za ta ba shi kambin sarauta. Amma ni a ganina abin da ya ɗaga Kaisar shi ne gorin da ya biyo baya: wani zai ce a tashi zaman majalisa sai matar Kaisar ta yi mafarki mai kyau. Da Hausarmu, za a kira shi mijin-ta-ce. Nan take Kaisar ya ce kunya yake ji da ya biye mata, a kawo masa rigarsa. Ranar ce 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. A kashi na uku kuwa za ki ga Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Kaisar, yana cewa su tsoma hannuwa cikin jininsa har gwiwar hannu, mafarkin bai bar komai ba.

Fitowarta ta farko ma kada ki raina ta. A tsakiyar taron biki Kaisar ya ce ta tsaya a hanyar Antoni ya taɓa ta yana gudu, wai hakan na warkar da juya. A tarihi tun shekara ta 59 kafin haihuwar Annabi Isa suka yi aure, shekara goma sha biyar ke nan ba haihuwa. Mutumin da ya tona wannan a bainar jama'a ba tare da ɗar ba, shi ne ya kasa jure a ce ya ji maganar matarsa.

Abin da nake jin haushin Shakespeare a kai shi ne daga nan ya watsar da ita. Plutarch, tsohon marubucin tarihi ɗan Girka wanda daga wurinsa aka ɗauko labarin, ya ce bayan kisan ita ce ta miƙa wa Antoni takardun mijinta da dukiyarsa. A wasan ko kukanta ba mu ji ba.

Lokacin da nake koyarwa na taɓa sa 'yan ajina su kwaikwayi wannan fitowar. Da yarinyar ta durƙusa, samarin suka fashe da dariya. Na tambayi ɗayansu, wanda ya riga ya karanta ƙarshen wasan, da kai ne fa? Ya sosa ƙeya, ya ce, "Malam, wallahi ni ma fita zan yi."