Tambaya da Amsa: Tsakanin Kano da Abuja, ina jama'a suka fi ƙaruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A majalisarmu ta bayan sallar isha'i mun kwana uku muna gardama a kan magana ɗaya. Wani abokinmu ya kawo alƙaluman ƙidayar jama'a ta 1991 da ta 2006, ya ce Abuja ta ƙaru da kashi 278 cikin ɗari, Jihar Kano kuwa kashi 62 kawai, saboda haka a ganinsa ƙaruwar Kano ba ta taka kara ta karya ba. Ni kuwa tun ina yaro nake zuwa Kano saro kaya, na ga gonaki sun zama unguwanni da idona, don haka zuciyata ta ƙi yarda. Wa ke da gaskiya a cikinmu?
Daga wani ɗan kasuwa a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Lissafin abokinka daidai yake, abin da idonka ya gani ma daidai ne. Inda ya yi kuskure shi ne hukuncin da ya ɗora a kan lissafin, domin kashi cikin ɗari ba ya gaya wa mutum yawan abu sai an san adadin da aka fara da shi.

A ƙidayar 1991 an samu mutum kusan 372,000 a Babban Birnin Tarayya, a 2006 kuma suka kai miliyan 1.4, wato an ƙaru da mutum miliyan ɗaya da 'yan kai. Jihar Kano, wadda aka ƙidaya bayan an cire mata Jigawa a watan Agustan 1991, tana da mutum miliyan 5.8 a lokacin, a 2006 kuma ta kai miliyan 9.4. Ƙarin da Kano ta samu ya kusa miliyan 3.6, wanda ya ninka ƙarin Abuja fiye da sau uku, ya kuma ninka dukkan mutanen da ke zaune a Abujar a 2006 sau biyu da rabi. Na san alƙaluman ƙidaya a Najeriya ba sa rabuwa da taƙaddama, gwamnatin Legas ma ta ƙi amincewa da nata na 2006, amma tun da a kansu kuke gardama, a kansu za mu tsaya.

Me ya sa kason Abuja ya yi tsalle haka? An yi ƙidayar 1991 a watan Nuwamba, gwamnatin Janar Babangida kuwa ba ta dawo da fadar mulki daga Legas zuwa Abuja ba sai ranar 12 ga Disamba. Ke nan an ƙirga garin ne yana dab da karɓar ma'aikata da iyalansu da 'yan kasuwar da ke biye da su. Wanda ya zuba cokalin gishiri a kwanon miya zai ji bambanci nan take, amma cokali uku a tukunyar biki da ƙyar harshe zai gane an ƙara wani abu, alhali gishirin da ya shiga tukunyar ya fi yawa.

Kowane ma'auni yana da tambayar da yake amsawa. Idan ana so a san inda sauyi ya fi gigita gari, inda hanya da ruwan famfo da gidajen haya suka kasa ɗaukar jama'a cikin ɗan lokaci, kashi cikin ɗari ne abin dubawa, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Nyanya da sassafe, ma'aikata cike da motoci kowa na duba agogo, ya san kashi 278 ba ƙarya ba ne. Idan kuwa ana maganar ajujuwa nawa za a gina, malamai nawa za a ɗauka, allurar rigakafi nawa za a saya, to kawunan mutane ake ƙirgawa, kuma a nan nauyin Kano ya fi na Abuja nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu magana a bainar jama'a ke ɗaukar ma'aunin da ya dace da buƙatarsu su ɓoye ɗayan, mai sauraro kuma ya tafi da rabin labari.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata majalisarku ta kiyaye. Idan aka ce a haɗa wuraren biyu, wani zai tara 278 da 62 ya raba biyu ya ce sun ƙaru da kashi 170. Wannan kuskure ne babba, domin ya ba ƙaramin wuri da babba nauyi ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a tara mutanen da kansu: miliyan 6.2 ne a 1991, suka zama miliyan 10.8 a 2006, ƙarin bai wuce kashi 75 ba.

TAMBAYA: Malam, ina neman makarantar sakandare da zan sa 'yata. Wata ƙaramar makaranta a unguwarmu ta ce cikin ɗalibanta goma da suka zana jarrabawar WAEC bara, tara sun ci, wato kashi 90. Wata babba mai ɗalibai 400 ta ce kashi 80 suka ci. Shin ƙaramar ta fi ke nan?
Daga wata uwa a Katsina

AMSA: Hajiya, Allah ya raya ta, ya ba ki ikon zaɓar mata abin da ya fi alheri. Da wannan sakamako na shekara ɗaya ba za a iya cewa ƙaramar ta fi ba. A aji mai mutum goma, ɗalibi ɗaya yana ɗauke da kashi goma cif. Da a ce zazzaɓi ya kwantar da yara biyu a ranar jarrabawar lissafi, da kashi 90 ya koma 70 ba tare da malaman sun sauya komai ba. A makaranta mai ɗalibai 400 kuwa, rashin lafiyar yara biyu ba zai rage fiye da rabin kashi ɗaya ba, shi ya sa sakamakonta ya fi zama abin dogaro.

Masana lissafi sun daɗe da sanin wannan. Tun a farkon shekarun 1730 Abraham de Moivre, Bafaranshen da ya zauna a Landan, ya nuna cewa tangal-tangal ɗin da sa'a ke haifarwa a sakamako yana raguwa ne yayin da adadi ke ƙaruwa, kuma sai an ninka adadin sau huɗu kafin ya ragu da rabi. A Amurka, da aka duba yawan masu mutuwa da sankarar ƙoda a kowace gunduma, an tarar gundumomin da suka fi ƙarancinta galibi na karkara ne masu mutane kaɗan. Sai dai gundumomin da cutar ta fi yawa su ma irinsu ne, domin inda jama'a ba su da yawa, mutum ɗaya ko biyu sun isa su kai gunduma saman jeri ko ƙasansa.

Shawarata ita ce ki je makarantun biyu da ƙafarki, ki nemi a nuna miki sakamakon shekara huɗu ko biyar a jere, da adadin waɗanda suka zana da waɗanda suka ci a kowace shekara. Ki tambayi kuma ɗalibai nawa ne suka shiga aji huɗu, nawa ne daga cikinsu aka yi wa rajistar jarrabawar, domin makarantar da ta tace masu rauni kafin rajista za ta iya nuna kashi 90 alhali rabin ajin sun zube a hanya. Idan ƙaramar ta riƙe matsayinta shekara bayan shekara, kuma yaran da ta fara da su ne ta kai ɗakin jarrabawa, to ki sa 'yarki a can hankalinki kwance.